Gidan da Ke Jiran Musabaha

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, har yanzu ina jujjuya shi a raina. Sai ga ni a wani gari da annoba ta hana kowa fita, ina sana'ata ta dillancin gidajen haya. Da yake mutane ba sa zuwa ganin gida, gidajen ne ke zuwa ganin mutane. Aikina in ɗaura wa gida igiya, in ja shi unguwa-unguwa kamar ragon layya. Kowane gida da takunkuminsa a bakin ƙofa. Abin bai ba ni mamaki ba, sai dai na so in san telan da ke ɗinka takunkumi mai wannan faɗin.

Ranar wani ciki da falo nake ja, mai taurin kai, da ya ga kwata sai ya toge. A gindin wata dalbejiya na tarar da mai neman hayar, Isiyaku, ma'aikacin jinya a inda ake killace masu cutar. Maƙwabta sun ji wurin aikinsa, mai gidansu ya fitar musu da kaya. Yana tsaye da katifa a ka, matarsa Ladidi na goye da jaririya. Hadari kuwa ya haɗu a ƙarƙashin ƙafafunsu, domin a garin daga ƙasa ruwa ke tsirowa ya yi sama. Wanda ba shi da daɓe ya shiga uku.

Na ja layi a ƙasa na tsaya nesa, na buɗe tagogi duka don gidan ya sha iska, na auna zafin gidan a goshi, lafiyarsa lau. Isiyaku ya ce daga aiki yake, bai kamata ya shiga ba. Ya ciro idanunsa biyu ya ɗora a faranti, ya turo mini da sanda. Na wanke su da sabulu, suka yi ja amma ba su yi ƙorafi ba. Na shiga da su ɗaki, na nuna musu rufi da makunnin fitila. Da muka zo wajen bangon da ya tsage, hali zanen dutse, sai na juya farantin wajen taga. Idon hagu ya juyo da kansa. Ladidi ma ta aiko hancinta, ya leƙa banɗaki ya dawo ya ce ba laifi.

Sai ga mu gaban mai gidan da nake ja, wani ƙadangare cikin babbar riga a kan katanga. Na yi masa bayani yana gyaɗa kai, har na fara murna, ashe tun safe yake gyaɗawa.

"Gida ba ya bin mutum sai an yi musabaha," in ji shi. "Haka muka gada."

Na tuna masa hukuma ta hana gaisawa da hannu. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ma haka ne. Na tambaye shi to wa zai ba da hannun.

"Dillali mana. La'adar me kake ci?"

Ina da tsohuwa a gida mai ciwon asma, saboda ita ko a masallaci na daina miƙa hannu. Na dafa ƙirji na gaida Isiyaku daga nesa, gidan bai motsa ba. Muka haɗa bakin sanda da bakin sanda, gidan ya yi hamma. Na ce to bari in aika hannuna a faranti, na ja, na murɗa, ya ƙi fita. Ƙadangaren ya ce ido na fita, hanci na fita, amma hannu sai da mai shi.

Ruwa ya fara tsirowa. Ya bi ta ƙasan zanen goyo, jaririyar ta tsanyara kuka. Isiyaku ya mayar da idanunsa, ya gyara katifar a kansa.

"Bar shi kawai, malam," in ji shi. "Tun da cutar nan ta shigo ba wanda ya ba ni hannu. Na saba."

Da ya yi faɗa ne da na ji sauƙi. Wannan "na saba" ɗin ce ta soke ni. Na tari ruwan da ke hawa, na wanke hannu da sabulu har gwiwa, na wurga masa sabulun shi ma ya wanke. Na yi bisimilla na miƙa hannu.

Tazarar da ke tsakaninmu ta fara miƙewa kamar danƙo. Hannuna ya ce shi ma ba baya ba, ya yi ta tsawo, ya tsallake layin da na ja, ya wuce dalbejiya. A bayana ina jin gidan yana jan igiya, ya ƙagu ya tafi. Saura kamar faɗin ɗan yatsa hannuna ya taɓa na Isiyaku.

Sai murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, tsohuwa na ɗora ruwan koko. Na farka hannuna a miƙe ta gefen gidan sauro. Na runtse ido da ƙarfi ko zan koma in ƙarasa, don na baro su Isiyaku a waje ruwa na hawa, amma murfin ya yi ta kaɗawa a kan siminti har barcin ya tafi.