Tazarar Kuskure

Dakta na tsaka da jera takardunta a gaban kwamiti sai Shehin Malami, shugaban zaman, ya cire tabarau ya ce ba sai ta karanta ba, tambaya ɗaya ce ta rage.

Kujerar da ake nema ita ce ta shugaban ɗakin gwaje-gwaje na sashen Fiziks. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da kafa ɗakin, mutum bakwai suka riƙe shi, dukkansu maza. Dakta ta shekara goma sha huɗu a cikinsa tana auna tiririn yuraniyom a ruwan rijiyoyi. Na'urar awon guda ce tilo, kuma wanda ya hau kujerar shi zai zaɓi aikin da za a yi da ita. Abokin takararta, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Taro domin ba ya fashin taron masana ko'ina aka kira shi, ya riga ya faɗa wa kowa cewa zamanin rijiyoyi ya wuce.

Da safe yayarta, ma'aikaciyar jinya, ta kira ta a waya ta yi mata huɗuba: ta ɗaga kai, ta buɗe murya, ta daina magana kamar mai neman gafara. Ta ce autar tasu tun tana ƙarama ko sunanta aka tambaya sai ta ce bari ta duba.

"Rijiyoyi goma sha biyun nan da kika ce a rufe," in ji Shehin Malami, "kin tabbata ruwansu na cutarwa?"

Dakta ta ɗaga kai, ta buɗe murya. Ta ce tara daga ciki sun zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Ukun da suka rage suna kan iyaka, tazarar kuskuren na'urar kuwa kashi biyar ne cikin ɗari, don haka ba za ta rantse a kansu ba sai ta ƙara awon wata shida. Wakilin hukumar jami'a ya dubi na kusa da shi, ya rubuta kalma biyu.

Bayan azahar Shehin Malami ya kira ta ofishinsa, ya ba ta kujera da hannunsa. Ya ce babu mai shakkar iliminta, amma kwamiti ya lura tana da ƙarancin yarda da kai. Sarkin Taro tambaya shida aka yi masa, kowacce ya amsa da tabbaci ɗari bisa ɗari, shi aka ba muƙamin. Ita kuma akwai wata bita da ake shirya wa mata masana kimiyya kan yadda za su riƙa tsayawa a kan maganarsu. Ya riga ya sa sunanta, kyauta ce.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "kai ka koya mana a shekarar farko cewa lambar da ba ta zo da tazarar kuskurenta ba, jita-jita ce."

Ya yi murmushi irin na uban da aka tuna masa ƙuruciya.

"Wannan darasin aji ne, 'yata. Kwamiti ba aji ba ne."

Ta koma ɗakin gwaji. Kwalaben ruwa sittin na jere a kan tebur, kowacce da lambar rijiyarta, ba ta san ranar da za su ga na'ura ba. A bakin ƙofa ta tarar da ɗalibarta mai neman digiri na biyu, uwar 'ya'ya biyu, wadda za ta kare aikinta ranar Litinin a gaban mutanen nan dai. Ɗalibar ta kawo jadawalin sakamakonta. Layin ƙarshe, na tazarar kuskure, mako uku ta yi tana lissafa shi. Ta tambayi Dakta ko ya yi daidai.

Dakta ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta kauce. A tsawon koyarwarta ba ta taɓa ganin layi mai tsabta kamarsa ba.

"Sau nawa za ki iya maimaita shekara?" ta tambaye ta.

Ɗalibar ta ce ko sau ɗaya. Maigidanta ya ce bana ce ta ƙarshe.

Dakta ta ɗauki jan biro za ta soke layin don kada kwamiti ya kayar da ɗalibar, sai ta tsaya, ta jawo rula ta soke shi a miƙe. Ko wannan ba ta iya yin sa a karkace.