Rabin Ƙwaya

Ni na yi wa Babana inshorar magani, kuma wallahi har yau haushin kaina nake ji. Shekararsa sittin da tara, ashirin daga ciki can ƙetare, a unguwar Dengfeng ya yi su yana aika yadi Maradi. Kowa a layin ya san Alhaji Tankari. Da likita ya ɗora shi kan maganin zuciya mai ɗan karen tsada, na biya kuɗin shekara, na miƙa masa katin ina ta fankama.

"Baba, an gama. Ka je ka riƙa karɓar maganinka."

Iyakar bayanin da na yi masa ke nan. Takardar inshorar ma ban karanta ba, ina can tashar jiragen ruwa ta Nansha ina fama da kwantena. Ashe tsarin shi ne ka fara biya daga aljihunka, ka kai wa 'yan inshora fapiyo, wato rasit mai hatimi, sannan su mayar maka da kashi tamanin cikin ɗari.

To, Baba ɗan kasuwa ne. A kasuwar Sanyuanli in ka ce ba ka son fapiyo, mai shago yakan rage maka, bakin Baba kuwa ya riga ya saba. A kantin magani ma da an tambaye shi sai ya kaɗa hannu ya ce da Sinanci "bu yao", wato ba ya so. Ko sisi ba su rage masa ba, inshora kuma ba ta mayar da komai ba.

Bai taɓa gaya mini ba. Kullum na tambaya sai ya ce, "Katinki na aiki, Hawa. Allah ya yi miki albarka."

Wata Talata bayan la'asar ya faɗi a matakalar gidan da yake haya. Kwanansa biyu a asibiti ya cika.

Ina haɗa kayansa na buɗe gwangwanin shayi. Ƙwayoyin maganinsa ne, kowacce an raba ta biyu daidai, ga rezar da yake yanka samfurin yadi. Maƙwabcinsa Malam Maidaji ya sunkuyar da kai.

"Wata bakwai yana shan rabi, 'yata. Na ce ya faɗa miki, ya ƙi. Wai kyauta kika yi masa, ba zai iya ce miki an cuce ki ba."

Wayyo Baba, ba wanda ya cuce ni! Shafi biyu ne kacal na kasa karantawa.

Katin kuwa a aljihun rigarsa na same shi, ya naɗe shi a leda don kada ya yi datti.