Hanyar Allura

Abin ya fara ne a shekarar da aka shimfiɗa kwalta har bakin ƙauyenmu. Baƙi suka riƙa zuwa neman Allura, dogon ginshiƙin dutsen nan mai tsini da wani attajiri ya gina a kan tudu don nishaɗi kawai, wanda itatuwa suka rufe tun da daɗewa. Sukan bar ƙofofin shinge a buɗe, tumaki su watse. Sai muka daidaita a tsakaninmu: duk wanda ya tambaya, a nuna masa hanyar rafi, wadda ba ta zuwa Allura.

Wata Asabar, ina gyara furanni a ƙofar coci, wani dattijo mai sanda, da jaka a kafaɗa, ya tsayar da mijina, Cyril, yana tambayar hanyar Allura.

"Bi rafi, Yallaɓai, kada ka waiwaya," in ji Cyril. Da mutumin ya wuce, ya ƙyafta mini ido. "Wani ɗan birni zai gaisa da agwagi."

"Tsohon banza, a ƙofar ɗakin Allah?" na ce, amma na yi dariya.

Da yamma ruwa ya sauko. Dattijon ya shigo zauren coci inda muke raba shayi, yana ɗingishi, taɓo har gwiwa. Ya ce sunansa Mista Pargeter. Ya zauna, ya ɗora jakar a cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Laifina ne, Uwargida," ya ce mini. "Maigidanki ya kwatanta mini sarai, kaina ne ya tsufa. Tokar gawar matata Enid da aka ƙona ce a cikin jakar nan. A gindin Allura na nemi aurenta, kuma can ta ce in kai ta. Ranar Litinin 'yata za ta mayar da ni gidan kula da tsofaffi. Wannan ce damar da ta rage mini."

Sannan ya juya ya yi wa Cyril godiya.

Cyril ya zura wa kofinsa ido, kunnuwansa suka yi ja. Ni kuwa na ajiye biskit ɗin da ke hannuna. Na roƙi gafara a zuciyata.

"Bari in lallaɓa, kada motar yamma ta wuce ni," in ji dattijon.

"Zauna, Baba. Akwai gado a gidanmu." Cyril ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya juyo gare ni. "Hilda, gaya wa Rabaran ya nemi wani ya kaɗa ƙararrawar coci a madadina gobe. Zan fito da tarakta in kai shi gindin Allura."