Tafiretar Safiyatu

Safiyatu 'yar Malam Inuwa ce, wani malamin zaure a Ƙofar Kuyambana. Tana da shekara bakwai ƙyanda ta tafi da idonta. Mahaifinta bai bar ta a ɗaka ba, ya kai ta makarantar makafi, inda ta koyi buga tafireta har ta fito da takardar shaida.

A shekarar 1989 aka ɗauke ta aiki a wani ofishin gwamnati da ke kusa da unguwar Kongo. Shugaban sashen, Alhaji Bala, da ya ga sanda a hannunta sai ya sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Ya ce tafireta kayan gwamnati ce, ba zai ba wanda ba ya gani ya lalata ba. Wata huɗu tana zuwa da safe, ta gaida kowa, ta zauna tana sauraron Kulu, ɗayar mai buga takardu, har a tashi.

Sai Kulu ta haihu, ta tafi hutu. Wasiƙu suka taru, Alhaji Bala yana ta faɗa da akawunsa, Malam Audu. Safiyatu ta miƙe, ta lalubi teburin Kulu, ta zauna. Ta haɗa takarda da kabon mai fitar da kwafi, ta roƙi Malam Audu ya karanta mata ta farko. Ya ɗan yi shakka, sannan ya fara. Kafin ya kai ƙarshen jimla ta riga ta tsaya tana jiransa.

Alhaji Bala ya karɓi wasiƙar ya duba har sau biyu, bai sami kuskure ba. Ya sa hannu, ya ce to ta riƙe wurin kafin Kulu ta dawo.

"Alhaji, ba riƙon ƙwarya aka ɗauke ni ba," in ji ta. "Na ji akwai tafireta a kulle a sito. Ita nake so a fito mini da ita."

Alhaji Bala bai taɓa ba ta haƙuri ba. Amma ran Litinin ta tarar da tebur da tafireta a gefen taga.

Kwafin wasiƙar nan ta farko gida ta kai shi. Maganar gyaran kwalbati ce kawai a ciki, amma bayan la'asar Malam Inuwa ya tsayar da karatu, ya sa aka karanta wa duk mutanen zaure, har da kwanan wata.