Wushiryar Auta

Auta tela ce, kuma duk da almakashi uku da ke kan keken ɗinkinta, da haƙori take yanke zare. Ranar da gefen haƙorinta na gaba ya ɓantare, ita kaɗai ta yi mamaki.

Ta je wurin likitan haƙori a cike mata wurin. Ya miƙo takarda, ta sa hannu ba ta karanta ba, don doguwar kujerar nan da fitilar da ke rataye a kanta sun riga sun tsorata ta. Da ya gama ya ba ta madubi. Haƙora sun jeru reras, babu ɓantare. Babu kuma wushiryarta. Ya toshe ta, ya ninka kuɗin aiki.

"Gyaran haƙoran gaba kika sa wa hannu, Malama," in ji shi. "Wasu har roƙona suke yi."

Ta biya tana ƙunƙuni.

A gida akwai Inna, mahaifiyarta, wadda shekara biyu ke nan tunaninta ke zuwa yana komawa. Ta manta mijinta ya rasu, ta manta hanyar banɗaki. Amma da Auta ta yi murmushi, wushiryar ta bayyana, sai Inna ta ce, "Ga 'yata." Wannan kaɗai ya rage a tsakaninsu, kuma Auta ba ta haɗa shi da komai.

Ran nan ta shiga da kwanon abinci, ta yi murmushi. Inna ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Kwana huɗu tsohuwar ba ta karɓi ko ruwa daga hannunta ba, sai maƙwabciya ta shigo. Tsoro ya kama Auta sosai.

Ta koma asibitin da niyyar tara wa likita jama'a. Ta tarar ba kowa, sai ƙarar na'ura a can ciki da ba ta san wa ake yi wa aiki da ita ba. Likitan ya saurare ta har ƙarshe, abin da bai yi ba tun farko. Ya ce zai mayar mata da kuɗinta.

"Riƙe kuɗinka, Likita. Bakina nake so."

Ya buɗe wani kabad. Bakuna ne na farar ƙasa jere a kan katako, kowanne a hangame, da lamba a gindinsa. Ya ɗauko nata, wanda ya auna kafin aikin. Ga wushiryar nan tana kallonta. Wannan karon sai da ta karanta takardar layi-layi, ta sa ya rubuta cewa zai buɗe daidai yadda take, ba ƙari, ba ko sisi. Ya yi ta gogewa yana gwadawa har ta ce ya yi.

Ta sami Inna zaune a bakin gado. Ta durƙusa, ta yi murmushi. Tsohuwar ta kama haɓarta ta juya ta wajen taga. Ta sa farce a tsakanin haƙoran, ta daɗe tana dubawa.

"Tabbas bakin Auta ne," ta ce a hankali, ta ƙara damƙe haɓar. "Baiwar Allah, ina kika baro sauranta?"