Kyanwar Mama Ngumimi

Mama Ngumimi ta zo gidan hayarmu na unguwar Akurba da ƙullin kaya ɗaya da kyanwa a kwando. 'Yar ƙabilar Tibi ce. An ƙone ƙauyensu, an kashe mijinta a gonar doya. Baba Badaru mai gidan ya ba ta ƙaramin ɗakin da ke jikin bayi, don babu mai so, ta kama suyar ƙosai a bakin titi. Ni Usaina ɗinki nake yi a ɗakin da ke kallon nata, shi ya sa komai a idona aka yi.

Kyanwar kala uku gare ta, fari da baƙi da ruwan goro, dabbare-dabbare kamar an haɗa ta da ƙyallayen da nake zubarwa. Ta gama mana da ɓeraye, ba wanda ya ce mata sannu.

Sai jikan Baba Badaru ya kwanta zazzaɓi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe har aka makara da asibiti, yaro ya rasu. Tun ba a tashi zaman makoki ba, Rosaline mai shagon kitso ta ce ta ga kyanwar a tagar yaron. Kyanwar nan babu tagar da ba ta hawa, har tawa. Amma an sami marar dangi, kowa ya ga wurin sauke baƙin ciki. Musulmin gidan da Kiristocinsa suka yi haɗin kan da ban taɓa gani ba, ko a kan gyaran rijiya.

Da rana tsaka aka taru a tsakar gida. Rosaline ta ce, "Ku duba fa, irin wannan kala, kun taɓa ganin namiji? Duka mace ne. Mutum ne a ciki."

Malam Abdulhakeem, maƙwabcinmu mai koyar da bayoloji a sakandare, ya miƙe. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara bayani, ko gobara ake yi sai ya kai ƙarshe. Da niyyar ceto ya tashi, wannan na shaida.

"Baba, gaskiya ne kusan duk mata ne, amma gado ne kawai," in ji shi. "Akwai wani zare a cikin ƙwayar halitta, shi ke ɗauke da launin baƙi ko na goro. Namiji ɗaya gare shi, mace biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Tun tana ciki, a kowane yankin fatarta ɗaya yakan yi barci, ɗaya ya yi aiki. Inda na baƙi ke farke sai baƙi, inda na goro ke farke sai goro. Farin kuma hanyarsa daban."

Har na fara ajiyar zuciya.

Baba Badaru ya ce a hankali, "Wato biyu ne a jiki ɗaya. Ɗaya na barci, ɗaya na yawo."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Kun ji ko? Tica ma ya faɗa," in ji Rosaline.

Malam ya durƙusa yana zane a ƙasa da tsinke, ba mai kallo. Na ce su ji tsoron Allah, aka ce in koma kan kekena. Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba.

Baba ya yanke hukunci. In babu ruwan Mama Ngumimi da abin da ke cikin kyanwar, ta kashe ta da hannunta a gaban kowa, ta ci gaba da zama a ɗakinta. In ta ƙi, ta kwashe kayanta yau.

Mama Ngumimi ta ce, "Baba, ina zan je? Gida na ya ƙone. Wannan kyanwa, shi kaɗai ya fito wuta tare da ni."

Ta daɗe a tsaye, sannan ta yi kiran da take yi in za ta ba kyanwar abinci. Kyanwar ta taho da gudu, wutsiya a sama, tana goga mata jiki a ƙafa. Ta sa ta a buhun gari, ta ɗaure bakin, ta tura a durom ɗin ruwa, ta danne da hannu biyu. Buhun ya daɗe yana motsi. Ita ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Da ta saki, ta juyo. "Na yi, Baba."

Baba Badaru ya dube ta daga sama har ƙasa, ya dubi jama'a. "Kun gani? Ko hawaye babu. Wadda ta iya yi wa abin da ke kwana a ƙafarta haka, me za ta bar wa sauran jikokina?"

Ya sa aka fito mata da ƙullinta da kaskon suya, ya ciro kwaɗo ya datse ɗakin. Kwaɗon sabo ne, tun safe yana aljihunsa.

Ta ciro buhun daga durom, ta ɗora a kan ƙullin, ta ɗauka a ka. A bakin titi ta tsaya, ruwa na ɗiga a bayanta, ta rasa ko dama za ta yi ko hagu.