Kwana Uku a Wata

Badamasi ya dawo ofishinsu na Birnin Kudu ran Litinin, tafin hannunsa duk kanta. Mako uku ya yi a gonarsa ta Dingaya yana noman gero. A rajista kuwa bai taɓa fashi ba, domin abokinsa na sa masa hannu kullum, har ya fi shi iyawa.

Ya kunna kwamfuta, ya buɗe taminal, baƙin allon nan da suke shigar da bayanan manoma. Da can shiru yake buɗewa. Yau sai ga rubutu:

"Salamu alaikum, Badamasi. A watan nan kwana 3 ka shiga."

Bai amsa sallamar ba. Ya dubi agogo. Ƙarfe goma sha ɗaya masu tantance ma'aikata za su iso, kowa zai buɗe nasa taminal ɗin a gabansu, kuma bara mutum biyu suka sallama.

Ya lalubo fayil ɗin gaisuwar, ya yi ƙoƙarin gogewa. Na'urar ta ce ba shi da izini. Shekara sha shida yana aiki, amma a wurinta talaka ne kamar kowa. Sai ya nufi teburin Mas'uda, mai kula da kwamfutocin.

"Malama, wa ya koya wa abin nan gaisuwa?"

"Ni. Oga ya ce ofishin ba fara'a."

"Gaisuwa ai ba ta zuwa da ƙidaya."

"Ta surukai tana zuwa da ita."

"Don Allah ki cire mini ƙarshen. 'Ya'yana bakwai."

"Fayil ɗaya ne na kowa, Malam. In na taɓa, sunana zai fito."

Masu tantancewar suka iso, su uku. Babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya tsaya a bayan kujerar Badamasi. Badamasi yana jin numfashinsa a ƙeya. Sai dabara ta faɗo masa: in an kuskure lambar sirri sau uku, asusu na kullewa. Ya kuskure sau uku da gangan.

"Ranka ya daɗe, ya kulle."

Dattijon ya cire tabarau, ya goge a hankali.

"Mai zuwa kullum ba ya manta lambarsa. Malama, buɗe mana nasa daga wurinki."